Malamina Ya Ce In Kawo Madogara, Ni Kuma Ba Ni da Kuɗin Littafi

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta kimiyyar siyasa. Furojet ɗina a kan tarihin Jihar Jigawa ne da tsarin gwamnatinta. Na rubuta babi biyu na kai, malamin da ke duba aikina ya dawo mini da su duk ya zazzane da jan biro, kusan kowane shafi ya rubuta a gefe: "Ina madogara?" Gaskiyar magana yawanci daga Wikipedia da Facebook na kwaso. Mahaifina manomi ne, kuɗin makaranta ma da ƙyar yake haɗawa, littattafan da na gani a intanet kuma da dala ake sayar da su. Wani mai shagon kwamfuta ya ce in ba shi kuɗi ya haɗa mini komai cikin kwana uku, har ƙawayena biyu sun riga sun ba shi. Saura wata uku in miƙa aikin, ko barci ba na iya yi sosai. Ina zan samu ingantattun bayanai kyauta? Ko in haƙura in bi ƙawayena?

Daga wata ɗaliba, Jihar Jigawa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya kwantar miki da hankali.

Bari in fara da mai shagon kwamfuta, don maganarsa gajera ce. Abin da zai ba ki a kwana uku kundin wani ne da aka canja wa suna da shekara, wataƙila ma shi ya sayar wa ƙawayenki. Malamin da ya zauna ya bi babi biyu shafi bayan shafi da jan biro ba zai kasa gane shi ba, kuma ranar kare aiki ke za ki tsaya a gaban malamai, mai shago yana can yana buga wa wani. Kuɗin da za ki ba shi ki riƙe, zai yi miki data da kuɗin mota.

Abin da na lura da shi a wasiƙarki, ba rashin kuɗi ne babbar matsalarki ba. Kina nema ne da sunan da bai daɗe a duniya ba. An ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Duk takardar da aka rubuta kafin wannan rana ba ta san wata jiha mai suna Jigawa ba. Daga 27 ga Mayu, 1967 zuwa 1991, garinku yana cikin Jihar Kano, wadda Audu Bako ya fara mulka. Kafin nan kuwa Lardin Kano ne a Jihar Arewa, Razdan yana Kano, manyan ofisoshi suna Kaduna. Takarda tana zama ne a hannun wanda yake mulki lokacin da aka rubuta ta. Saboda haka in kika buga "tarihin Jigawa" a waya, abin da zai fito miki shi ne sakin layi huɗu ko biyar da kowa ke kwafa daga wajen kowa. In kuwa kika nemi Haɗeja, Gumel, Kazaure, Ringim, Dutse ko Birnin Kudu, kika haɗa da Lardin Kano, sai ki ga ƙofofi suna buɗewa. Ki riƙa gwada rubutun Turawa na da ma, domin sun rubuta sunayen nan ta hanyoyi daban-daban: Hadejia da Hadeija, Gumel da Gummel. Harafi ɗaya yakan ɓoye miki littafi guda.

Kuma masarautun Jigawa biyar, wato Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim da Dutse, ba tarihinsu ɗaya ba, kada ki dunƙule su. Dutse da Ringim da Birnin Kudu ƙasar Sarkin Kano ce a zamanin Turawa, hakimansu Kano suke kai gaisuwa, don haka labarinsu yana cikin takardun En'e ta Kano. Haɗeja da Kazaure masarautu ne masu cin gashin kansu ƙarƙashin tutar Sakkwato, kodayake Sarkin Haɗeja Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye a tsakiyar ƙarni na 19, sannan Haɗeja ta yi wa Turawa turjiya har suka ci ta da yaƙi a 1906. Gumel kuwa ba ta taɓa zama ta Sakkwato ba, Barno take bi, kuma rigingimunta da Damagaram sun sa wani sashe na labarinta sai a rubuce-rubucen da suka shafi Zinder ake samunsa. Kin ga ke nan take ɗaya da aka ba ki ya ƙunshi tarihi uku ko huɗu.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake so ki yi tun kafin ki sake buɗe waya. "Tarihin Jigawa da tsarin gwamnatinta" gona ce da ta fi ƙarfin fartanya ɗaya a wata uku. Ki koma wajen malaminki ki roƙe shi ku rage ta. Misali, yadda ƙaramar hukumarku ta tashi daga mulkin En'e zuwa tsarin da aka kawo a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, har zuwa yau. Ko aikin Majalisar Dokokin Jihar wajen kasafin kuɗi daga 1999. Ko abin da jihar ke ware wa ilimi da abin da take kashewa a zahiri cikin shekara biyar. Malamai sun fi son ƙaramar tambaya da aka amsa da hujja a kan babbar da aka cika da surutu, kuma zai ga alamar kin fara tunani da kanki.

To, yanzu ga inda kayan suke. Ɓangaren gwamnati shi ya fi sauƙi, kuma yawancinsa yana cikin wayarki.

Ki fara sauke Kundin Tsarin Mulki na 1999, kyauta ne, ana samunsa ko'ina. Ɗalibai da yawa suna rubuta babi guda a kan tsarin gwamnatin jiha ba su taɓa buɗe shi ba, alhali shi ne uwa. Jadawali na farko ya jero jihohi da ƙananan hukumominsu, a nan za ki ga 27 ɗin Jigawa da sunayensu, ba sai kin ce "an ce" ba. Sashe na 7 ya yi maganar ƙananan hukumomi, jadawali na huɗu ya faɗi ayyukansu, irin su kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da rajistar haihuwa. Sashe na 91 ya ce majalisar jiha ba za ta gaza kujeru 24 ba, ba kuma za ta wuce 40 ba. Ta Jigawa 30 ce, ta Kano 40. Sashe na 121 ya wajabta wa gwamna kai kasafin kuɗi gaban majalisa, na 125 kuma ya ɗora wa Odita Janar na jiha binciken asusun gwamnati. Duk jimlar da kika rubuta a kan "waye ke da ikon yin kaza", ki sa lambar sashen a gabanta. Jan biron malaminki zai ragu da rabi daga nan kawai.

Sai kasafin kuɗi. Shekarun baya, ganin kasafin jiha sai kana da wani a ma'aikata. Tun daga 2018, wani shiri na Bankin Duniya da ake kira SFTAS ya riƙa ba jihohi tallafi in suka wallafa kasafinsu da rahoton binciken asusunsu a intanet, shi ya sa yanzu ake samun su a shafukan gwamnatocin jihohi. A nan ne nake so ki buɗe ido sosai, domin takardu uku ne masu kama da juna, kuma ba abu ɗaya suke faɗa ba. Kasafin da majalisa ta amince da shi alkawari ne: ga abin da muke niyyar kashewa. Rahoton aiwatar da kasafi, wanda ake fitarwa duk wata uku, shi ke nuna abin da aka saki. Rahoton Odita Janar kuma, wanda yakan fito bayan shekara ta wuce, shi ke cewa ga abin da aka kashe, ga kuma inda ba a ga rasit ba. Mai rubutu a Facebook zai ɗauki na farko ya ce gwamnati "ta kashe" biliyan kaza a kan asibitoci. Ke ki ajiye ukun gefe da gefe a kan layi ɗaya, a ce gyaran makarantun firamare, ki ga ratar da ke tsakaninsu. Wannan ratar kaɗai ta isa babi guda, kuma babi ne da mai shagon kwamfuta ba shi da shi a ajiye.

Kason da jihar ke samu daga asusun tarayya da harajin da take tarawa a cikin gida, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa su. Bashin da ake bin kowace jiha, na gida da na waje, yana shafin Ofishin Kula da Basussuka na tarayya. Sakamakon zaɓe na wajen INEC. Ƙungiyar BudgIT tana fitar da rahoto duk shekara tana kwatanta jihohi, yana da daɗin karantawa, amma ki ɗauke shi a matsayin ɗan jagora, ki bi sawunsa zuwa takardar asali. In akwai abin da kika nema kika rasa, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ki damar rubuta wa hukuma wasiƙa, ba sai kin faɗi dalilinki ba, kuma kwana bakwai doka ta ba su su amsa. Ba na ce miki kullum ana amsawa ba. Ki rubuta kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a kan ɗaya ki riƙe. In sun amsa kin samu, in sun yi shiru ma kin samu abin rubutawa.

Ɓangaren tarihi shi ke buƙatar haƙuri. A shafin Internet Archive akwai tsofaffin littattafai da rahotannin shekara-shekara da gwamnatin mulkin mallaka ke aikawa Ingila game da Arewa, ana saukewa ba ko sisi. Tarihin sarakunan Kano da H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908 yana yawo kyauta. A JSTOR, rumbun maƙalun ilimi na intanet, in kika buɗe asusu da adireshin imel ɗinki, za ki iya karanta wasu maƙalu kowane wata ba tare da biya ba. African Journals Online yana ɗauke da mujallun jami'o'inmu, da yawansu a buɗe suke. Jami'ar Ahmadu Bello tana da rumbun kundayen digiri na biyu da na uku a intanet, kuma 'yan ƙasar Haɗeja da Gumel da Kazaure sun daɗe suna rubutu a kan garuruwansu a can da Jami'ar Bayero. In kika samu irin wannan kundi, kada ki kwafi jikinsa. Ki juya can ƙarshe inda marubucin ya jero takardun da ya duba, da lambobin fayil-fayil na gidan adana takardu. Wani ya riga ya share miki hanya, ke bi kawai za ki yi.

Littattafan da kika ga ana sayarwa da dala kuwa, yawancinsu suna kan kanta a laburaren jami'a sun yi ƙura. Ki nemi na Hogben da Kirk-Greene a kan masarautun Arewa, na 1966, wanda ya ba kowace masarauta babinta. Ki nemi na Victor Low na 1972, wanda ya tattara tarihin baka na Gombe da Katagum da Haɗeja. Ki tambayi ma'aikacin laburare da bakinki, ki gaishe shi da kyau, ki faɗa masa abin da kike nema. Mutanen nan sun san inda komai yake, kuma ba kasafai ɗalibi ke tambayarsu wani abu ban da inda ake cajin waya ba.

In hali ya yi, tafiya ɗaya zuwa Kano za ta biya ki. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tana Gidan Ɗan Hausa, kuma tunda shekara 24 kuna Jihar Kano, takardunku na wancan zamani can suka fi yawa. Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano da yanzu yake ƙarƙashin Jami'ar Bayero, wuri ne na mai binciken siyasar jam'iyyun NEPU da PRP, siyasar da ƙasarku ta yi ruwa da tsaki a cikinta. Kaduna kuwa ita ce babbar rijiya: ga Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, ga Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar bincike a 1970. Akan biya ɗan kuɗin rajista da na ɗaukar hoto a irin waɗannan wurare, don haka ki je da takardar gabatarwa daga sashenku da katin ɗaliba. Na san ba kowace 'ya mace za a bari ta kama hanyar Kaduna ita kaɗai ba, ba kuma zan ce ki yi rigima da gida a kan furojet ba. Ku haɗu ku uku ko huɗu 'yan ajinku masu irin wannan aiki, ko ki ba wani ɗan'uwa da ke can lambobin fayil ɗin ya ɗauko miki hotonsu.

Ba na mantawa da ranar da na fara buɗe irin wannan fayil. Takardar ta yi ja, tsatsar allurar da aka maƙale ta da ita ta ci gefen shafi, sai ka ɗaga a hankali kamar kana ɗaga ɓawon ƙwai. Rahoton kimanta haraji ne na wata gunduma, wani Di'o ya zagaya a kan doki ya rubuta: ƙauyuka nawa, masaƙa nawa, karofi nawa, shanu nawa don jangali, wace rana kasuwa ke ci. Na ji kamar an buɗe mini taga. Sai da na nuna wa wani dattijo ɗan yankin, ya yi dariya ya ce ai duk ranar da aka ji mai ƙirga shanu na tafe, rabin garke cikin daji yake kwana. Tun ranar nake karanta takardun Turawa da wannan dariyar a kunnena. Mai karɓar haraji ne ya rubuta, ta bakin tafinta, daga mutanen da ke da dalilin ɓoye masa gaskiya. Takardar tana da amfani ƙwarai, amma ki riƙa tambayar kanki wa ya rubuta, don wa, me yake nema.

Wannan tambayar ba Turawa kaɗai ta shafa ba. Littafin da gwamnati ta buga don cikar gwamna shekara huɗu, aikinsa yabo. Tarihin da aka rubuta a fada yakan tsallake sarkin da aka tuɓe ko yaƙin da aka sha kashi. Ɗan adawa kuma ba zai ga rijiya ko ɗaya da aka haƙa ba. Tun 1999 Jigawa ta ga Ibrahim Saminu Turaki, da Sule Lamido, da Badaru Abubakar, da Umar Namadi, kuma kowannensu yana da masu rubuta masa da masu rubutu a kansa. Ba a ce ki zubar da su ba, a'a, ki ce "a cewar gwamnati", ki kawo abin da Odita ko jarida ta ce, ki bar mai karatu ya gani. Tsofaffin jaridu suna da daraja a nan, domin an rubuta su a ranar da abin ya faru, kafin kowa ya gyara labarinsa: Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, New Nigerian daga 1966, da Triumph ta Kano. Manyan laburaren jami'o'i suna ajiye da ɗaurarrun kwafensu.

Ga wani ƙaramin misali da zai nuna miki abin da malaminki ke nufi da madogara. In kika nemi yawan mutanen Jigawa a ƙidayar 2006, za ki ci karo da 4,348,649 a wani wuri, da 4,361,002 a wani. Ba wanda ya yi ƙarya. Na farko sakamakon wucin gadi ne, na biyu shi ne na ƙarshe da aka buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, a 2009. Duk wani adadin da ya fi wannan da kika gani an jingina wa shekarun baya-bayan nan, hasashe ne aka lissafa, domin ba a sake ƙidaya ba tun 2006. Ɗalibar da ta rubuta wannan bayanin a layi biyu ta nuna ta san abin da take yi. Wikipedia ma ba haramun ba ce, ni kaina ina leƙawa. Ki gangara ƙasan shafin inda aka jero inda aka samo kowace magana, ki buɗe su, in kin tabbatar sai ki ambaci su, ba ita ba.

Akwai kuma madogarar da ke kusa da ke wadda ko data ba ta ci. Jiharku shekararta talatin da 'yan kai. Ma'aikatan da aka kwaso daga Kano a 1991 aka ce su koma Dutse, lokacin Kanar Olayinka Sule, da yawansu suna raye, sun yi ritaya suna zaune a ƙofar gida. Waɗanda suka yi kansila ko suka yi aiki zamanin Ali Sa'ad Birnin Kudu, gwamnan farar hula na farko, suna nan. Tsohon malamin haraji, tsohon magatakardan hakimi, dagacin garinku, har mahaifinki da ya biya haraji a hannun mai unguwa. Ki sa a yi miki iso, ki je da ɗan goronki, ki nemi izini kafin ki kunna rikoda a waya. Ki rubuta sunan mutum da shekarunsa da aikin da ya yi da wurin da ranar hirar. Dattijo yakan rikita shekara, amma ba ya mance a zamanin wane sarki ko wace yunwa abu ya faru, ke za ki dawo ki daidaita da takarda. Hira biyar masu kyau za su ba aikinki abin da babu shi a kowane littafi.

Abu na ƙarshe, ki sayi littafin rubutu mai arha ki keɓe shi. Duk abin da kika karanta, tun kafin ki kwafi kalma ɗaya, ki rubuta sunan marubuci, da sunan aikin, da shekara, da shafi. In a intanet ne, da adireshin da ranar da kika buɗe. Ki sauke takardun cikin dare lokacin da data ke araha, ko a intanet ɗin makaranta, ki tura wa kanki kwafi ta imel, don waya takan faɗa ruwa ana saura sati guda. Shafukan gwamnati ma sukan ɓace in an canja mulki. In haka ta faru ki liƙa tsohon adireshin a Wayback Machine, wato shafin da ke adana tsofaffin shafukan intanet, sau da yawa yana da hoton shafin.

Makon nan ki sauke Kundin Tsarin Mulki da kasafin shekara ɗaya da rahoton Odita na wannan shekarar, ki samo kundi ɗaya da aka rubuta a kan masarautarku, ki yi hira da dattijo ɗaya. Ranar Litinin mai zuwa ki shiga ofishin malaminki da littafin nan a hannu da ƙaramar tambayar da kika zaɓa, ki ce masa, "Malam, ga abin da na samu, ta ina zan ci gaba?" Ki gaishe mini da Baba, Allah ya ba da damina mai albarka.